Wutar da Mama Ta Ba Ni Ajiya

Tungarmu ba ta da suna a takardar kowa. In ka bar Lafia ka bi hanyar Adogi, akwai inda za ka sauka daga mota a gindin wata ɗorawa, ka shiga ta cikin gonakin doya, ka yi ta tafiya har ƙafa ta fara gunaguni, sai ka ga jinkaye sun ɓullo ta bayan mangwarori. Nan ce. Ba mu da mai unguwa, ba mu da firamare, ba mu da famfo, kansila ma sai zaɓe ya zo yake tuna akwai mutane a wurin. Masu sayen doya suna ce mata tungar Hausawa, Tibi suna kiranta da sunan rafin da ke bayanmu, mutanen tsohon gari da suka ba da ƙasar kuwa wajen baƙi suke cewa, ko da yake baƙin sun daɗe da binne iyayensu a wurin.

A 1996 aka kai ni can aure daga Bukan Sidi. Na sha kuka a hanya, ba don ba na son mijin ba, sai don na ga inda turakun lantarki suka ƙare mu kuwa ba mu tsaya ba. Surukata, wadda duk tungar ke kira Iya, ta bar ni na gama kukana, sannan ta zaunar da ni a madafa ta ba ni tarihin wurin tana ɓarar gyaɗa. Haka take yi wa duk amaryar da aka kawo, ko ta wane yare ce.

Kakan mijina falke ne, yana ɗaukar gishirin Keana a jakuna yana kaiwa arewa. Wata shekara kurkunu ya kama shi a ƙafa daidai bakin rafin nan, damina ta rufe shi, abokan tafiya suka wuce suka bar shi da bukka. Da ya warke ya ga ƙasar baƙa ce wuluk, sai ya haye rafi ya je wurin dattijon tsohon gari ya roƙi wurin zama. Dattijon ya ce ya ba shi, amma da sharaɗi ɗaya. Muddin hayaƙi yana tashi daga murhunsa, gida da gona nasa ne, shi da duk wanda ya zo bayansa. Ranar da murhu ya mutu har ciyawa ta tsiro a cikinsa, ƙasa ta koma hannun masu ita, ba shari'a, ba roƙo.

Daga baya wani manomi Batibe ya zo da iyalinsa, sai Eggon, sai wani maharbi ɗan Migili. Duk wanda ya zo ba ya ƙyasta tasa wutar, garwashi yake ɗiba daga murhun gidanmu ya kai nasa. Shi ya sa a tunga ba a ƙirga mutane, wuta ake ƙirgawa. Iya tana cewa ƙirga kawuna aikin mutuwa ne, kada mu taya ta. In aka tambaye ka yawan mutanen tunga sai ka ce wuta kaza ne, mai tambaya ya je ya yi lissafinsa. Shekarar da na zo wuta goma sha huɗu ne, biyar a ciki na Tibi.

Abu biyu suka fito daga wannan sharaɗin. Wanda zai yi tafiya ya dawo, sai ya kira maƙwabci ya ba shi ajiyar wuta, shi kuma kullum da safe ya je ya hura, ko da ruwa kawai zai dafa a kai. Wanda kuwa zai tashi ke nan har abada, da hannunsa yake zuba wa murhu ruwa, ya ciro duwatsun nan uku ya tafi da su. Da farko na ɗauki abin wasa. Ni 'yar gari ce, na saba da risho da ashana, ina ganin mutanen nan sun mai da toka abin gado.

Gidan da ke jikin namu na wata Batiba ce, gwauruwa, kowa Mama yake ce mata. Mijinta yana kwance a bayan rumfar girkinta, inda suke binne nasu. Tana zaune da ɗanta ɗaya, da matarsa, da jikoki. Ita ta koya mini kirɓa sakwara, bayan ta gama yi mini dariya har da hawaye ranar da ta ga yadda nake riƙe taɓarya. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne a bakinta, kuma har na haihu ba ta daina ce mini amarya ba.

"Amarya, ka zo ka ci nama," haka za ta ƙwala mini ta kan danga duk ranar da suka yanka alade, don ta san abin da zan ce.

"Allah ya kiyashe ni, Mama. Ki ci ke kaɗai, ki ƙara ƙiba."

"Kai ne za ka mutu da rama."

Ranar da naƙudata ta fari ta tashi, ruwa ya cika rafi, babu hanyar asibiti. Iya tana ta addu'a, Mama kuwa ta naɗe zani ta durƙusa ta karɓi haihuwar. Ranar suna ta kawo mini zanen goyo irin nasu, saƙi mai ratsin baƙi da fari. Da shi na goyi 'yata ta fari, da shi na goyi ta biyu.

Damina ta 2001 ce ta zo mana da abin da ba mu taɓa gani ba. Da farko a rediyo muke ji, wai an yi faɗa a can nesa. Sai muka fara ganin mutane suna wucewa ta gefen gonaki da katifu a ka da awaki a igiya, ba mai tsayawa gaisuwa. Mijina ya kai agushi Lafia ana gobe abin zai ɓaci, hanya ta rufe shi a can. Lokacin babu waya a hannun kowa, ban san ko yana raye ba, shi ma bai san halin da muke ciki ba. Abin da kowa ke faɗa ƙasa-ƙasa shi ne Tibi ake nema, kuma ba a tambayar me mutum ya yi.

Wata safiya ina wanke-wanke na ji Mama a bakin danga, ba ta ƙwala kira yadda ta saba ba. Na leƙa na ga ɗanta ya ɗaure kaya a keke, jikokin suna tsaye tsuru-tsuru. Ta ja hannuna har rumfar girkinta, ta nuna mini murhu, wutar tana ci a hankali.

"Amarya, ga wuta na. Yana hannun ka."

"Na karɓa, Mama."

"Baban yara yana nan a baya. Kada ciyawa ya fito, su zo su yi noma a kan shi."

"Ba za ta mutu ba in sha Allahu. Ku dai ku je ku dawo."

Ta kalli aladunta a turke, ta kalle ni, har bakinta ya so yin dariya. Ta ce waɗannan ba za ta ba ni ajiya ba, ta kwance su ta kora su daji. Na tsaya ina kallon su Mama har dawa ta rufe su.

Sauran Tibi maƙwabtansu Eggon suka ba ajiyar wutarsu, amma ba a jima ba Eggon ɗin ma suka tattara suka tafi wurin danginsu. Tunga ta yi tsit. Daga mu, sai tsohon nan jikan maharbi da matarsa, sai wasu gidaje biyu da suka rasa inda za su. Iya ta ce ita ƙafarta ba za ta kai bakin hanya ba, kuma wutar gidanmu ita ce ta fari, ba ta taɓa mutuwa ba, ba a kanta za a fara ba. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai lokacin. Da safe babu ƙarar turmi, babu kukan yara, sai tsuntsaye da ɗigar ruwa daga jinka. In kaza ta yi motsi a bayan ɗaki sai in miƙe in leƙa.

Kullum in gari ya waye sai in goyi ƙaramar, in bar babbar wurin Iya, in ɗebi garwashi a kasko don ko ta kwana, in bi ta kafar danga in shiga gidan Mama. Tafiyar ba ta kai komai ba, amma ina jin kamar ana kallona ta kowace ƙofa. In tona tokar, in tarar da ja a ƙasa, in zuba ƙirare in hura, in ɗora tukunyar ruwa. Ba na yarda in kalli wajen kabarin. Ina gamawa sai in dawo da sauri.

Ana haka wata mata daga tsohon gari ta hayo rafi neman kanwa. Tana shan ruwa take gaya wa Iya cewa wasu samari a can sun fara zagaya gonakin da aka bari, suna auna su da ido, suna cewa ruwa yana sauka kullum, ciyawa ba za ta daɗe ba. Dattijonsu ya tsawatar, amma ya tsufa, ba kowa ke jin maganarsa ba. Iya ta saurara har matar ta tafi, sannan ta juyo kaina.

"Ke wace irin wuta kike hurawa a gidan can? Ni ko daga nan ba na ganin hayaƙinta."

"Iya, tana ci. Kullum sai na dafa ruwa."

"Wutar da ba a gani daga ƙetaren rafi ba wuta ba ce. Gobe ki zuba mata ɗanyen ganye, su gani da idonsu, kada wani ya ce bai sani ba."

Duk ɗan tunga abin da zai yi ke nan, kuma har yau ban ga wautar Iya ba. Mu tunaninmu yana kan tsohon gari da gonar Mama. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa hayaƙi ba ya zaɓen idon da zai gan shi. Na riƙa karyo ganyen mangwaro da ɗanyar ciyawa ina lafta wa wutar, hayaƙi fari ƙal ya riƙa tashi ya miƙe sama ya fi kan itatuwa. Har daɗi nake ji in na waiwaya na gan shi, ina cewa a raina to masu auna gona, ga amsarku.

Ranar da mahara suka zo hantsi ya riga ya dubi ludayi. Ina durƙushe ina hura wuta, hayaƙi ya cika mini ido, sai na ji tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya daga mangwaro. Ban ji takun kowa ba. Da na goge ido na ɗago, ƙafafu na fara gani, sun kewaye rumfar. Wasu sun shafe fuska da gawayi, wasu sun naɗe ta da tsumma, da adduna da bindigogin toka, ɗaya yana riƙe da jarka. Ban san su waye ba, ban san daga ina suke ba, kuma ba zan ɗora wa kowane yare ba, don Hausar kasuwa suka yi mini, wadda kowa ke yi.

"Ina suke?" in ji na gaba.

Na ja baya a durƙushe, ya matso.

"Tun daga hanya muke ganin hayaƙi. Wa kike dafa wa abinci? Ina kuka ɓoye su?"

"Ba kowa," na samu na ce. "Sun tafi. Ruwa ne kawai a tukunyar."

Ya sa ƙafa ya ture tukunyar, ruwan ya malale a gefe, kaɗan ya taɓa wutar ta yi cuu. Wasu suka bazu cikin ɗakuna, ina jin ana fasa ƙofofi, ana soka adda a rumbu. Sai wani ya zagayo ta bayana ya kama bakin zanen goyona ya ja, har yarinyar ta farka.

"Ku duba abin da ta goya da shi. Ita ma tasu ce. Hausa kawai ta iya."

Sai lokacin na tuna da ratsin baƙi da fari da ke bayana. Na sha jin ana cewa cikin mutum ya ɗuri ruwa, ranar na san yadda yake. Fitsari ya zubo mini ina durƙushe, ban ma ji kunya ba. Na kai hannu baya na dafe kan yarinyar, na sunkuyar da kaina ƙasa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Abin da nake roƙo ɗaya ne, in za su sare ni su bari in kwance ta tukuna.

Muryar Iya na ji daga kafar danga. Ta taho da sandarta tana jan ƙafa, ko mayafi babu, tana faɗa kamar ta kama yara suna satar mangwaro.

"Ku sakar mini suruka. Matar ɗana ce, 'yar Bukan Sidi. Wuta aka ba ta ajiya, ita take hurawa. In laifi ne ni na sa ta, ga ni."

"Wace irin ajiyar wuta? Tsohuwa, kada ki raina mana hankali."

Na gaban ya ɗaga adda ya nuna ta, Iya ko gezau. Sai wani daga can baya ya yi magana a hankali, muryarsa a danne cikin tsumma.

"Gaskiya ne. Haka suke yi a nan. In mutum ya tafi sai ya bar wa maƙwabci murhu, don kada ciyawa ta fito ƙasa ta koma. Babu kowa a gidan. Ku ƙyale su Iya."

Wannan maganar ce ta cece mu, kuma ita ce ta fi komai tsorata ni. Baƙo ba zai san zancen ciyawa a murhu ba, baƙo ba zai kira ta Iya ba. Ban ɗago na kalle shi ba. Ƙafarsa kawai na gani, takalmin roba ne da aka ɗinke maɗaurinsa da waya.

Ba su tafi haka kawai ba. Mai jarka ya watsa fetur a jinkayen ɗakunan kwana, suka zari itace mai ci daga murhun da nake hurawa suka cinna. Jinkayen a jiƙe suke, suka daɗe suna hayaƙi kafin su kama. Rumfar girkin suka bari, ban san dalili ba, wataƙila don muna ciki. Muna nan ni da Iya, na riƙe ta ta riƙe ni, har rufin ɗakin Mama ya rufta. Da muka tabbata sun yi nisa, Iya ta zauna daɓas a ƙasa, jikinta ya hau rawa, sai lokacin na gane ita ma tsoron take ji. Abin da ta fara cewa shi ne in duba murhu. Na tona, da sauran ja a ƙasa.

Bayan an kawo sojoji hanya ta buɗe, mijina ya dawo a rame. Da ya ji abin da ya faru sai ya ce ya yanke, ba zan ƙara taka gidan can ba. Ban taɓa musu da shi a gaban Iya ba, ranar na yi.

"Malam, amana ce. A hannuna ta sa."

"Amanar toka? Ranki da na 'yata fa, ba amana ba ne?"

"Ita ta karɓi haihuwar 'yarka."

Ya kalli Iya ko za ta sa baki, Iya ta ci gaba da jan carbinta. Washegari ina ɗaukar kasko ya gan ni, ya juya baya ya shiga gyaran garmarsa. Daga ranar na daina zuba ɗanyen ganye, sai busasshen itace, shi ma kaɗan. Zanen goyon na ninke na tura ƙasan akwati. Amma tsoron bai bar ni ba. Kullum in na durƙusa gaban murhun nan bayana yana yi mini yam-yam, ina jiran in ga ƙafafu. Na rame, nono ya ragu, ko faɗuwar murfin tukunya sai ta sa ni zabura. In mun je kasuwar Adogi ba na kallon fuskar maza, ƙafafunsu nake bi da ido, kuma takalmin roba mai ɗinkin waya ya fi a ƙirga.

Haka muka ƙare damina. Ciyawa ta cinye tsakar gidan Mama, ta haye kangayen ɗakunan, ta rufe sauran murahun Tibi guda huɗu ɗaya bayan ɗaya. Nata kaɗai ya rage. Lokacin sabuwar doya ɗan aiken dattijo ya hayo rafi kamar yadda ake yi duk shekara, ya zagaya gida-gida. Da ya zo rumfar Mama ya sa hannu a toka ya yi saurin janyewa, ya ce wannan gida yana da rai. Ranar na ci abinci har na ƙara.

Bayan an fara girbin dawa, wata rana da hantsi, babbar 'yata ta shigo da gudu ta ce ga Mama. Na fita ko ɗankwali babu. Ita kaɗai ce, da fanteka babu komai a ciki. Ta zube, wuyanta ya yi tsawo, matar da dariyarta ke kaiwa ƙetaren rafi ta tsaya tana kallon kangon ɗakinta. Na rungume ta ina kuka ina dariya, na ja ta zuwa rumfa, Iya tana biye da mu da sanda. Da safen na sa wa wutar itace mai kyau, tana ci sosai.

"Mama, ga wutarki. Ba ta mutu ba ko sau ɗaya."

Ta durƙusa ta miƙa tafukanta a kai, ta daɗe a haka. Sannan ta tashi ta zagaya baya wurin mijinta, muka ji tana magana da yarensu ƙasa-ƙasa. Da ta dawo ta ce in kawo mata ruwa. Na ruga gida na ɗebo a kofi mai kyau, na baƙi. Ta kalli kofin ta girgiza kai.

"Ba na sha ba, amarya. Ka kawo bokiti."

Na gane, amma na ƙi ganewa. Na ce me za ta yi da bokiti. Ta nuna murhun. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba.

"Wallahi ba zan kawo ba. Kin san abin da na gani a kan wutar nan? An ja mini goyo da adda a hannu. Na yi fitsari a zani a nan inda kike tsaye. Mijina ya hana ni, na ƙi ji. Yanzu ki zo ki ce in kawo ruwa?"

"Na ji duka. An gaya mini."

"To ki zauna mana. Gonarki tana nan, ɗan aike ya shaida. Ɗakuna a sake yi, Malam zai taya ku. Ina su yaran?"

"Yara suna ƙetaren Binuwai da maman su." Ta mai da ido kan wutar. "Baban su bai kai ba."

Iya ta yi salati. Mama ta ci gaba da magana tana kallon wutar, muryarta ba hawa ba sauka. An tare su a hanya kafin su kai titi, aka ce maza su koma gefe. Ɗanta ya ce shi ɗan wani yare ne, har sun fara yarda, sai ɗaya daga cikinsu ya ce ƙarya ne, ya san shi, ya san uwarsa.

"Ya rufe fuska, amma na san murya. Ya ci sakwara a rumfa nan, amarya. Ba sau ɗaya ba. Da hannu na na zuba mashi miya."

"Waye?"

"Kai za ka zauna a nan, za ka je kasuwa. Gara kada ka sani." Ta ɗago ta kalle ni. "Ni na sani. Yaya zan kwana?"

Na ce to baban yara fa, da ta ce kada a yi noma a kansa. Ta ce ta gaya masa yanzu, ya ji. Shi ba mai iya korar sa kuma, jikokinsa ne ke da sauran gudu. Na juya wurin Iya ina neman ta taya ni. Iya ta share ido da bakin zani ta ce mai ajiya aikinta ya ƙare tunda ta mayar, wuta ta mai ita ce, in je in ɗebo ruwan.

Na ɗebo. Mama ta karɓa ta zuba da hannunta, a hankali, ta bi kowane lungu na murhun. Tururi da toka suka tashi suka rufe mu, na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar toka, wanda har yau ba na so. Ta sa itace ta ɓanɓaro duwatsun uku. Biyu ta mirgina cikin fanteka, na ukun ya gagara, don ƙarfinta ya tafi, motar da ta kawo ta kuwa tana jira a gindin ɗorawa. Na shiga gida na zaro zanen goyon daga ƙasan akwati, na naɗe shi gammo, Iya da Mama suka kama suka ɗora mini dutsen a ka.

Ruwa ya kashe wutar, amma bai shiga cikin dutsen ba. Ba mu wuce gonar farko ba na fara jin zafin yana ratsa gammo. Mama tana gaba da fantekarta, ba ta waiwaya, ni kuma ina bin ta a baya. Wata da watanni ina ɗura wa dutsen nan wuta kullum, ina jin haushinta, ina jin tausayinta, na rantse a raina ba zan sauke shi a ƙasar tunga ba. Hawaye suna zuba, ban san na zafin ne ko na mene ne ba, har muka kai titi direba ya karɓa ya yar a bayan mota yana yarfe hannu. Mama ta taɓa kumatuna ta ce, "Amarya, ka ci abinci, ka rame." Ban sake ganin ta ba.

Ba a yi wata biyu ba aka yi kunyoyin doya a gonarta, shekara ta zagayo aka haɗa har da bayan rumfar. Lokacin da masu ƙidaya suka zo a 2006 suka tambayi Iya yawan mutanen tunga, ta ce musu wuta shida. Bayan rasuwarta muka ba matar jikan maharbi ajiyar tamu muka dawo Bukan Sidi a 2010, da sunan za mu koma, ba mu ciro duwatsu ba.

A tsakiyar kaina akwai wani wuri kamar faɗin bakin kofi da gashi bai sake fitowa ba. Duk sabuwar mai kitso in ta tsaga ta kai wurin sai ta tsaya ta ce, "Hajiya, me ya same ki a nan?" Sai in ce mata wutar maƙwabciya ce, ta ja gashin gefe ta rufe.